Na Mayar da Murfin Kwata Kafin In Kira Mutane

Assalamu alaikum. Ina gaida mai wannan shafi da masu karantawa. A ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana, don haka zan faɗi abin yadda ya faru. Wanda zai zage ni ya bari sai ya kai ƙarshe. Shawara nake nema.

Ni mai gadi ne a wani sabon ginin shaguna a Gwadangaji, nan Birnin Kebbi. Asalina masunci ne daga wani ƙauye a ƙasar Argungu. Shekara shida da suka wuce jirginmu ya kife a gulbi muna dawowa daga cin kasuwa. Matata da ƙanena suna ciki. Ni na fita, su ba su fita ba. Na bar 'yata wurin uwata na shigo birni. Na yi dako, na yi leburanci, na kwana a tasha. Tun lokacin ba na jin abu yadda mutane ke ji. Ba uzuri nake kawowa ba, so nake ku san da wa kuke magana.

Layin namu da can ba kowa sai mai faci da masu kayan miya. Yanzu shaguna sun cika shi, masu waya, kantin magani, gidan abinci, masu atamfa. Masu saye da mota suke zuwa, kuma duk wanda ya yi gini bai bar wa mota wuri ba, don kowane taku shago ne. Abin da ya rage tsakanin bakin shago da kwalta shi ne kwata, mai zurfi har ƙirjin mutum, an rufe ta da murafen siminti. A kan murafen nan mutane ke tafiya tun kafin a yi shagunan. Yanzu a kansu motoci ke hawa su yi fakin. Aikina da rana in nuna wa mai mota inda zai tsaya, in tare masa titi idan zai fita. Masu ƙafa kuwa sai su matse su bi ta tsakanin hancin mota da ƙofar shago, wata da tire a ka, wani da baro, wani yana jan akuya.

Wata rana mai baro ya karce ƙofar motar wata Hajiya. Ta yi faɗa, ta ce ita da wurin har abada. Alhaji mai ginin ya zo ya same ni a gaban mutane.

Ya ce, "Kai, mi na aje ka yi nan? Kallon hanya?"

Na ce, "Alhaji, hanyar mutane ce."

Ya ce, "Hanyar uban wa? Gaban ginina ne. In na sake ganin mutum ya ratsa nan, naɗe tabarmarka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in ɗage komai ba, wannan ba zan ɗora masa ba. Na ɗaura igiya, aka tsinke ta. Na gindaya benci, mutane suka mai da shi wurin zama. Na sa durom, 'yan kabu-kabu suka ture. Sai na ce a raina, mutum ba ya tsallake rami. Idan na ɗage murfi ɗaya a farkon ginin, kowa zai sauka kwalta tun daga can. Ranar da na yi, hadari ya haɗu bayan la'asar, shaguna suka rufe da wuri, layin ya watse. Na ɗauko dogon ƙarfe na banƙare murfin, na ja shi jikin bango. Na karyo reshen dogonyaro na kafa a ramin, yadda kowa ke yi don a gani. Na shiga ɗakina na bayan gini. Ruwa ya sauko.

Akwai wani tsoho, zan kira shi Baba Manu. Malami ne, 'yan kasuwa ke ɗaukar karatu wurinsa da safe a wani zaure can gaban layinmu. Yanar ido ta rufe masa gani, inuwa kawai yake gani, amma ba ya riƙe sanda, ba ya yarda a ja shi. Ya ce ƙafarsa ta san murafen nan ɗaya bayan ɗaya. Kullum da sassafe, kafin motoci su zo, yakan wuce ta gabana. Ya san ni masunci ne, sai ya tsaya ya ce, "Sarkin ruwa, an tashi lahiya? Kifi nawa ka kama jiya?" Motoci yake nufi. In ce, "Manya biyu, Baba, sauran duk ƙanana." Ya ce, "To a rage mini kai." Ya yi dariya ya wuce. A duk layin shi kaɗai ke tsayawa ya gaishe ni.

Na san yana bi ta nan. Na san ba ya gani. To me ya sa ban tuna da shi ba lokacin da nake banƙare murfin? Na sha tambayar kaina. Amsar ita ce ban tuna ba. Mota nake tunani, da tabarmata.

Da safe ana yayyafi, ina wanke baki a bayan gini, na ji ƙara kamar an yar da buhu. Ba ihu. Na zagayo. Ruwa ya tafi da reshen. Baba Manu yana cikin ramin, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, goshinsa ya bugi bakin siminti, jini na bin gemunsa. Na shiga na ciro shi, ciro mutum daga ruwa ba baƙon aiki ba ne a wurina. Na kwantar da shi a barandar kantin magani. Yana numfashi, idonsa a rufe. Na duba dama, na duba hagu. Ba kowa. A nan ne ya kamata in ruga titi in tare napep. Ban ruga ba. Na koma na ɗauko ƙarfen, na ja murfin, na daidaita shi a kan ramin, na taka shi ya zauna, na watsa ruwa a inda na ja shi, na mayar da ƙarfen ɗaki. Tsoho yana kwance yana zubar da jini. Minti nawa na ɗauka? Ban sani ba. Bayan na gama ne na fita na yi kira.

A asibiti babban ɗansa ya zo, zan kira shi Bello, ma'aikacin gwamnati ne. Ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Bawan Allah, yaya anka yi?" Na ce santsi ne ya kwashe shi a kan siminti, kwata ta cika ta malalo, shi ya sa kayansa suka ɓaci. Ya ce Allah ya saka mini. Ƙashin ƙugun Baba ya karye. Likita ya ce da wuya ya sake tafiya da ƙafarsa.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuto muku ba. Na ga mutuwa, karaya ba za ta hana ni barci ba.

Bayan kwana biyu Baba ya farfaɗo. Maganar farko da ya yi ita ce, murfi babu. Ya ce ya taka inda ya saba takawa ya ji iska. Bello ya zo layin da kansa ya duba. Murfi na nan. Ya tambayi masu shaguna, kowa ya ce shi bai taɓa ganin rami a wurin ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ya koma ya ce, Baba, murfi na nan. Baba ya ce babu. Likita ya ce tsoho idan ya bugu a ka yakan ruɗe. Daga ranar aka fara auna duk abin da ya fito daga bakinsa. In ya ce kunu ba sukari, sai 'ya'yansa su kalli juna. Masu karatu suka biyo shi gida, Bello ya ce a bari sai ya samu sauƙi, har suka daina zuwa. Wasu mutum biyu suka zo ya raba musu gardamar iyakar gona a Zauro, don shi ya rage cikin waɗanda suka ga an kafa ta. A zaure aka sallame su, aka ce Baba ba ya cikin hayyacinsa. Daga ɗaki ya ji. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi jifa da kofi. Aka ce to kun gani. Aka fara ba shi maganin da ke sa shi wuni yana barci.

Duk wannan daga bakin Bello nake ji, don ya mai da ni ɗan gida. Yana aiko mini da abinci. Ya ɗinka mini shadda. Idan ya biyo layin yakan tsaya ya ce, "Ɗan'uwa, yaya aiki?" Ina karɓa. Ina ci. Ina sa shaddar ranar Juma'a. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Wata biyu da faɗuwar, Baba ya matsa sai an kira ni. Bello ya kai ni har bakin gadonsa. Ya rame, ga tabon ɗinki a goshinsa. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Sarkin ruwa, kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Yawwa. Ga wanda ya ciro ni. Ina kwance na ji ana jan siminti, kunnena bai mutu ba. Ɓarayin rodi ne sunka ɗage shi, kai kuma ka mai da shi don kada wani ya sake faɗawa. Ko ba haka ba? Alheri ka yi, ɗana. Ba laifinka ba ne. Gaya musu kawai."

Kun ji. Shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ko zargina bai yi ba. In ce e, shi ke nan, a bar shi da hankalinsa. Amma na ga abin da zai biyo baya. Bello zai ce to don me ka ce santsi ne? Za a zo layi a yi tambaya, Alhaji zai ji, 'yan sanda za su shigo, wani zai tuna igiya da benci da durom. Ɗakina zai tafi, abin da nake aika wa uwata da 'yata zai tsaya.

Na ce, "Baba, murfi na nan. Santsi ne."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗan jima riƙe da hannuna, sannan ya sake shi. Ya ce, "To." Ya juya fuska bango.

A zaure Bello ya ce, "Ka gani ko? Haka muke fama da shi." Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Na cinye.

Na taɓa gwada faɗa wa Alhaji. Na fara ke nan ya ɗaga hannu ya ce, "Ni na sa ka? Ban ji ba, kuma kada in ji." A satin ya kawo mai walda aka kafa turakun ƙarfe da sarƙa a gefe biyu na ginin. Maƙwabta suka gani suka yi nasu. Yanzu duk layin masu ƙafa a kwalta suke tafiya, tsakanin napep da tirela, mata da goyo, 'yan makaranta, tsofaffi. Ba wanda ya yi magana. Ni ke buɗe sarƙar in mota ta zo, in rufe in ta shiga.

Ba na kuka. Ba na mafarki. Ina sallah, ina cewa astagfirullah, bakina ne kawai ke motsi. Na je wurin wani malami na tambaye shi a dunƙule, ya ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Na san wannan tun kafin in je. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake neman yafiya wurin wanda aka riga aka ce maganarsa ba magana ba ce.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya Bello ya tsaya a bakin sarƙa yana fara'a. Ya ce sun samu gado a asibitin masu taɓin hankali a wani gari, ranar Asabar za su kai Baba a kwantar da shi. Da can yana ƙi, yana cewa lafiyarsa lau, sai dai a ɗaure shi. Amma shekaranjiya ya kira Bello ya ce, "Ƙila ku ke da gaskiya. Tunda har wanda ya ciro ni ya ce murfi na nan, to kaina ne. Ku kai ni." Bello ya ce mini, "Ɗan'uwa, zuwanka ya yi amfani. Kai ka sa ya yarda."

Na ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Ya ja motarsa.

Yau Laraba. Tsohon nan hankalinsa ya fi nawa, kuma a duniya ni kaɗai na san haka, shi ma yanzu bai sani ba. Idan na je na faɗa, in faɗi rabin da ya ba ni, cewa na mayar da murfin kawai, ko in faɗi duka, cewa ni na ɗage? Wa zan fara samu, Bello ko shi? Ko in sa a kai musu saƙo bayan na bar garin? In an kama ni, wa zai riƙe uwata da 'yata? In na yi shiru, shi wa zai fito da shi?

Wanda ya ga dama ya zage ni yanzu, na ji. Amma bayan zagin ku ba ni amsa kafin Asabar. Me zan yi?