Awa Goma Sha Huɗu Sun Ɓace a Tafiyar Mijina

Anti Becky, don Allah ki cece ni kafin ranar Lahadi, kaina ya kulle.

Mijina Samson yana sayar da kayan gyaran babur a Kakuri. Bana Allah ya ɗaga shi, ya je China sarin kaya da kansa. Bayan ya dawo, zan wanke masa wando sai na tsinci tikitinsa. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a wata firamare a unguwar Television, ba a yi mini wasa da lamba. Ya tashi Abuja Litinin ƙarfe ɗaya na rana, ya sauka Guangzhou Talata ƙarfe biyu na rana. Awa ashirin da biyar ke nan. Dawowa kuwa, hanya ɗaya, awa goma sha ɗaya kacal. Ina ya kai awa goma sha huɗu? Shekara nawa ina zuwa Kakau gaida mamata, hanya ba ta taɓa ƙara tsawo a zuwa ba. Ga shi sun ya da zango a Addis Ababa, kuma na ga hotunan matan can, ba sai na faɗa miki ba.

Na tambaye shi, wai rana ce take riga fitowa a China. Rana nawa Allah ya halitta? Da na matsa sai ya kwashe da dariya, dariyar ta fi komai ƙona mini rai. Na kai maganar gaban zumuntar matan coci a yi addu'a. Ban ambaci suna ba, amma mijin wa ya je China a cocinmu? Yanzu ya daina yi mini magana, dattawan coci sun kira mu ranar Lahadi. Ina son mutumin nan, ina tsoron aurena ya mutu.

Mai Lissafi, Kaduna ta Kudu

'Yar'uwata Mai Lissafi,

Lissafinki daidai ne, agogon ne ba ɗaya ba. China tana gabanmu da awa bakwai, kuma tikiti yana rubuta lokacin garin da aka tashi da na garin da aka sauka. Cire bakwai daga zuwa, ƙara bakwai a dawowa. Wajen awa goma sha takwas ya yi kowane gefe, akasari a kujera ƙafa na kumbura.

In kina shakka, ki sa ya kira abokin cinikinsa na can ta bidiyo da ƙarfe biyu na rana. Za ki ga duhu da idonki.

Shi ma yana da laifi. Matar da hankalinta ya tashi bayani take bukata, ba dariya ba, kuma ki gaya masa hakan. Amma naki ya fi nauyi, don kin fitar da zargi waje kafin ki tabbatar. Ki ba shi haƙuri yau, kada ki jira dattawa. Sannan ki miƙe a gaban matan da suka ji zargin, ki wanke shi da bakinki, wannan karon ki kira sunansa.

Allah ya ba ku zaman lafiya.

Anti Becky