Faifan Hasana

Kalgo,
9 ga Oktoba, 1993.

Zuwa ga maigidana, Baban Larai,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardata za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya kuma baƙuntar Legas? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Larai da Lukuman suna gaishe ka, kuma an shigo da geron gonar Wurogauri.

Ranar Lahadi na dawo daga Gwandu. An raba kayan marigayiya Hasana. Inno mahaifiyarmu ta turo mini zannuwa da 'yan kunne, na ce a ba 'ya'yan Hasana. Me zan yi da su? Tare muke ɗinki tun muna yara, duk abin da ke akwatinta akwai ɗan'uwansa a nawa. Abu ɗaya na ɗauko, wani faifan garmaho da na tarar a ƙasan akwatin, naɗe cikin ɗankwali.

Ban taɓa ba ka labarinsa ba, don ni ma na manta da shi. Muna aji huɗu wasu mutanen gidan rediyo suka zo makarantarmu da na'ura, suka ɗauki waƙar damina da Malama Salamatu ta koya mana. Hasana ce mai bayarwa kullum, mu kuwa 'yan amshi. Daga baya aka aiko wa makaranta faifai 'yan kaɗan, Malama ta ba gidanmu ɗaya. Ba mu da abin juya shi, kuma wa zai damu da faifai alhali mai muryar tana ɗaki ɗaya da shi?

Baban Larai, muryarta tana ɓace mini. Idan na rufe ido don in tuno yadda take kirana, tawa nake ji. Masu ta'aziyya suna ta ce mini ai ni na huta, in dai ina son jin 'yar'uwata sai in buɗe baki kawai, tunda tagwaye ne mu. Ba su sani ba. Tata tana da wani sanyi da tawa ba ta da shi, ni kaɗai na san wannan. Wata da watanni na yi ina jinyarta, ba abin da ya rage a kunnena sai tarin fukar nan da ya ƙi barinta. Ina so in ji ta tana waƙa ko sau ɗaya ne.

Na ɗora faifan a kan garmahon da ka kawo bara, wanda ba mu taɓa kunnawa ba, na haɗa shi da babbar amfilifayarka ta kaset. Murya ta fito, amma can ƙasa, kamar ana waƙa a bayan gari. Na murɗa har ƙarshe, sai gurnani da huci suka rufe ta. Na kira Jibrin mai gyaran rediyo na bakin tasha. Ya ce ba abin da ya lalace. Wai abin da allura take kwasowa daga faifai ɗan mitsitsi ne, sai an sa wani ɗan akwati tsakaninta da amfilifaya ya ɗaga shi tukuna. Firi-am ya kira shi. Ya duba kan allurarmu, ya ce irin mai maganaɗisu ne, wanda aka fi samu, don haka akwati mai ƙarfin arba'in zai dace da shi. A Birnin Kebbi babu, ya tambaya. Don Allah ka nema mini a can, ka ba Umaru mai motar albasa ya taho da shi. Arba'in fa, na ja masa layi don na san ka.

Ka kula da cin abinci. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Huseina.


Kalgo,
2 ga Nuwamba, 1993.

Zuwa ga Baban Larai,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya jarrabawa? Allah Ya ba da sa'a. Saƙo ya iso, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Yara sun yi murna da takalmansu, ko da yake na Lukuman sai ya shekara biyu kafin ya cika su.

To, akwatin ma haka. Na ce arba'in, ka aiko sittin. Na karanta bayaninka cewa mai shago ya ce wannan ya fi ƙarfi kuma ya fi tsada. Na sani ba don komai ka yi ba sai don kana so in sami wanda ya fi. Haka ka sayo mana ƙatuwar tukunyar nan da har yau ba a ɗora ta sai ranar suna. Da wani abu ne daban da dariya zan yi.

Jibrin yana ganinsa ya girgiza kai. Ya ce wannan na wani irin kan allura ne mai raunin gaske, wanda sai an ɗaga shi da yawa kafin a ji shi. Namu kuwa yana da ɗan ƙarfinsa, idan aka ƙara masa har haka abin zai yi wa amfilifaya yawa. Ni ce na matsa sai an gwada. Ban iya haƙuri ba.

Da ma ban gwada ba. Da ƙyar na taɓa maɓallin ƙara sai ɗaki ya ɗauka. Duk inda mai bayarwa ta ɗaga murya sai ta tsage kamar ana yaga sabon yadi, tafin yara kuwa ya koma kamar ana dukan kwano. Na ji 'yar'uwata tana ihu a cikin sifika, ita da ko faɗa take yi ba a jin ta a zaure. Na ɗage allurar, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita. Larai ta tsorata, ta je ta kira maƙwabta.

Kuma ga wani abu. Na riga na faɗa wa Inno cewa zan kawo mata muryar Hasana har ɗakinta. Duk wanda zai zo Kalgo daga Gwandu sai ta aiko shi da tambaya. Ka san jikin nata tun rasuwar nan, ba ta cin wani abin kirki. Ba zan kai mata wannan ihun ba, kuma ba zan kai mata raɗar da kunnenta ba zai kama ba. Jibrin ya ce in daina yawan juya faifan, don tsoho ne, kowane juyi yana ɗan cinsa. Na mayar da shi cikin ɗankwalinsa.

Ga akwatin nan na ba Umaru. Ka roƙi mai shagon ya canja. In ya sake yi maka daɗin baki, ka nuna masa wannan takarda, ka ce matarka malamar makaranta ce, ta san bambancin arba'in da sittin.

Kada ka ji haushina. Kewarka nake yi, kuma gidan ya yi mini faɗi.

Matarka,
Huseina.


Gwandu,
28 ga Nuwamba, 1993.

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana cikin alheri. Daga ɗakin Inno nake rubuto maka, tana gaishe ka, ta ce Allah Ya yi maka albarka. Yara suna Kalgo wurin maƙwabciyarmu Nagoggo, lafiyarsu ƙalau.

Wannan karon ka sayo daidai. Jibrin ya haɗa, ya ɗaura wata 'yar waya daga garmahon zuwa jikin akwatin, gurnanin nan ya ɗauke ɗif. Ya nuna mini inda kowace waya take shiga, amma ban bari ya ɗora faifan ba. Na ce da Inno za mu fara ji. Na ɗauki shatar mota, na rungumo kayan a cinya har Gwandu.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Na shimfiɗa mata tabarma kusa da sifika, na sauke allura. Baban Larai, sai ga ajinmu ya shigo ɗakin. Na ji ƙarar benci, na ji Malama Salamatu tana ƙirga mana, har da wani zakara can a bayan makaranta. Sannan mai bayarwa ta ɗauko waƙa, fes, da sanyin nan da na ce maka ni kaɗai na sani. Na ce a raina alhamdu lillahi, ga ta nan, na same ta. Hawaye suna zuba amma daɗi nake ji.

A baiti na biyu, mai bayarwa tana tsakiyar jan murya, sai wata yarinya ta yi tari daga gefe. Ƙaramin tari ne, sau biyu, da ɗan shaƙar nan a bayansa. A raɗar farko huci ya binne shi, a akwatinka na sittin kuwa ihu ya haɗiye shi. Yanzu ga shi a fili. Kafin in gama fahimta na ga hannun Inno ya tafi bakin gado, wurin da take ajiye kwalbar man shafawa a ƙirji. Kwalbar ba ta nan, an zubar tun rasuwar. Hannun ya tsaya a wurin.

Wannan tarin ko cikin kasuwar Gwandu na ji shi zan gane mai shi. Kuma mutum ba ya tari yana waƙa a lokaci guda. Nan take abin ya dawo mini. Ranar da masu na'ura suka zo, fuka ta tashi wa Hasana tun da safe. Malama ta zaunar da ita a benci, ta jawo ni gaba, ta ce ai duk ɗaya ne, ba mai ganewa. Gaskiyarta, har ni ban gane ba. Muryar da na tayar maka da hankali a kanta har Legas, na sa ka yawon shaguna kana tsakiyar jarrabawa, tawa ce. Sanyin da nake rantsuwa nata ne ita kaɗai, ashe ni ma ina da shi a lokacin.

Na tambayi Inno ko ta sani. Ta ce tun kalmar farko ta san ni ce, ba ta taɓa rikita mu ba ko muna cikin zanen goyo. Ta yi shiru ne don ta ga ina murna. Sai na tuna Hasana ma ta sani, tunda ita aka zaunar. Duk da haka ta naɗe faifan a ɗankwalinta mafi kyau, ta ajiye shi shekaru nan duka, ta kai shi gidan miji ta dawo da shi. Ni ina neman muryarta a ciki, ita kuwa tawa ta adana. Har yanzu ban san yadda zan ɗauki wannan ba.

Na miƙa hannu zan kashe, Inno ta riƙe ni. Ta ce in mayar da allurar baya kaɗan, ba farkon waƙa ba, wurin nan dai. Na mayar. Muka saurara, ta ce in sake. Na faɗa mata abin da Jibrin ya ce game da cinyewar faifai, ta ce ita ma ai cinyewa take yi, in sake kawai.

Kayan za su zauna a nan wurinta, ka yi haƙuri da amfilifayarka. Ni ma zan ƙara kwana biyu. Yau ta ci tuwo da ɗan dama.

Ka tuna lokacin jinya, yadda nake rubuto maka cewa ba abin da nake roƙon Allah kamar Ya tsayar da tarin nan in daina jin sa? Ya tsayar. Yanzu kullum bayan la'asar, in an kawo wuta, ni da Inno muna zaune gaban sifika, muna jira waccan yarinyar mai waƙa ta kai baiti na biyu, don Hasana ta yi mana tari.

Ka sa ta a addu'a. Ka dawo da wuri.

Taka har kullum,
Huseina.