Handawut Ɗin Murtala Da Na Adana Shekara Ukku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejin da jikata Hafsatu ka karatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, kai da iyali da malamanka duka.

Tun shekarar da anka tare ruwan Bakolori, munka kwashe kayanmu daga tsohon gari, ban ƙara sa an rubuta wa hukuma takarda da sunana ba sai yau. Ban yi boko ba, ranka ya daɗe. Maƙwabcina tela shi ya riƙe alƙalami, ni kau na sa ya karanta mini sau biyu don kada ya rage wa maganata gishiri.

Na ɗaya. Wurinmu littafi gado ne. Wanda mahaifina ya yi karatu da shi yana nan cikin gafaka, mutum huɗu sunka koya da shi bayanshi. Don haka da jikana Murtala, wan Hafsatu, ya ƙare makarantarku, na tattara takardun da kuke ce wa handawut, guda tara, na naɗe su cikin gafakar nan, na rataye inda gara ba ta kai. Akuya biyu sunka tafi wajen sayensu. Shekara ukku ina kakkaɓe musu ƙura ina jiran ƙanwarshi. Ranar da ta samu shiga, sashe guda da nashi, na miƙa mata su da hannu biyu, na ce wanga karo ba mu sayen komai.

Na biyu. Sati ukku sai ga ta gida Bakura da gafakar, ido jawur. An ce mata na bara ba su aiki, balle na shekara ukku. Kowane malami da nashi sabo, naira dubu ukku, wani dubu huɗu. Aikin gida kuma yana ga takardar ƙarshe mai hatimi, ita za a cike a yage a kai. Wanda bai saya ba ba shi da inda zai rubuta, wanda bai kai aiki ba makinshi ya tafi. Na saida buhun gero ta sayi biyar. Saura huɗu.

Na ukku, nan ne kaina ya ɗaure. Ban iya karatu ba, amma na yi kiwo, na iya bin sawu. Na shimfiɗa tabarma na aje sabon da tsohon, ina buɗe su tare. Bangon na Murtala kore, na Hafsatu ja. Ciki kau layi bisa layi. Na iso wani wuri na iske baƙin tabo, sawun babban yatsan wanda ya danne takarda ga injin hoto. Na duba na Hafsatu, ga yatsan nan, wuri guda, har da karkacewarshi. Wallahi sai da na yi salati. Ashe ba ilimi na saya da gerona ba, hatimi na saya.

Na huɗu. Da na ɗauka haka boko yake ko'ina, da na haɗiye. Sai Hafsatu ta nuna mini abin da malamarsu ta lissafi ka yi, baiwar Allah, cikin wannan makarantar taku. Ita ba ta saida komai. Ta zuba karatunta da tambayoyinta ga wani dandali na intanet da anka buɗe kyauta ga kowace makaranta. Yarinya ta buɗe wayarta ta yi aikin gida, take a nuna mata inda ta ɓata, ta sake. Kuɗin data kaɗai, kuma su ukku suke haɗawa da ƙawayenta, ɗaya 'yar Maradun, ɗaya 'yar Jangebe. Na tambaye ta sau ukku ko akwai abin da za a biya daga baya, ta ce babu. To, ranka ya daɗe, rijiya na tsakar gidanka, ana saida wa ɗiyanmu ruwa bakin ƙofa. Ka sani ko ba ka sani ba? Duk wanda ya zama, abin tsoro ne.

An ba su zuwa ƙarshen wata su kai aikin. Abin da ya rage mini irin shinkafar rani ne. In na saida shi, gonata ta kwana bana. In ban saida ba, Hafsatu ta faɗi darasi huɗu. Na faɗa mata gaban uwarta ba ni saida iri don sayen yatsan wani sau biyu.

Roƙona ga shi. A karɓi aikin Hafsatu da ire-irenta ga farar takarda, ba hatimi. A kira malamar nan ta koya wa sauran yadda take yi, ya zama dokar makaranta. Wanda ba shi da waya a ba shi wuri ɗakin kwamfuta. In albashin malamai ne bai isa, na san zahin haka, amma a nema inda ya dace, ba cikin rumbuna ba. Kuma kada a taɓa yarinyar. Har kuka ta yi don kada in rubuta, ni na ƙiya. Mai fushi ya neme ni.

Allah ya riƙa maka, ya sa ka gama lahiya, ya raba ka da haƙƙin talakka.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan shiga motar farko ta Mafara, inda kwalejinku take, da gafakata. Zan zauna bakin ofishinka in buɗe koren da jan. Ku ne masu karatu. In an samu wanda ya nuna mini bambancinsu, in koma gida in auna irin da hannuna in saida.

Wassalam.

Naka,
Audu Maishinkafa, Bakura