Ɗana ya raba wa duniya sirrin yankana

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin watan haihuwar matar ɗana ya kama, ni kuwa na yi wata rantsuwa da ta hana ni taka gidansa. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Abdul-Mumin ne yake rubuta min wannan, na kuma ce masa kada ya gyara min magana ko ɗaya.

Ni tela ne a unguwar Nima, shekarata arba'in da shida a shago ɗaya. A Zangon Kumasi na koyi ɗinki, wurin wani mutumin Nijar, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Biyar na farko ba abin da nake yi sai hura gawayin guga da ɗinka maɓalli da ɗebo ruwa. Sai a ta shida ya rufe ƙofa ya nuna min yadda yake fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando a shadda yadi takwas, alhali kowa sai ya cinye goma. Da wannan yankan na ci da iyalina. In zan yi shi labule nake ja, ko masu koyo a wurina ba sa gani.

Autana Imurana ya ƙi keken ɗinki, ya bi kwamfuta. Aikinsa rubuta manhaja, wai shi yake rubuta wa waya da kwamfuta abin da za su yi. Lokacin da 'yan unguwa suka fara cewa damfarar intanet yake yi, tunda ba ya fita aiki da safe, ni na tsaya masa har na ɓata da mutane. Ka riƙe wannan.

Bara sai ya fara zuwa shago bayan la'asar, ya riƙo min waakye, wato shinkafa da wake, ya zauna yana tambaya. Me ya sa na naɗe shadda haka, ina nake fara sa almakashi, yaya nake yi in mutum yana da tumbi. Na ɗauka Allah ne ya dawo min da ɗana kan sana'ar gida. Na ja labule na nuna masa, yana rubutawa, ina murna kamar wawa.

To akwai wani Abdulƙarim, wanda ya gudu daga shagona a shekara ta uku bai gama koyo ba, ya je unguwar Maamobi ya buɗe nasa. Ranar wata Juma'a da aka sauko masallaci ya tare ni a gaban jama'a, ya zaro waya, ya danna awon wani mai tsire da ke tsaye, sai ga zanen yankana ya fito tsaf, har inda ake juya ƙyallen hammata. Sunana ma yana sama. Ya yi min godiya yana dariya, wai yanzu ya kammala karatunsa.

Ban ci abinci ba na shiga trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina inda Imurana yake. Bai ko musa ba cewa shi ya mayar da yankana manhaja. Wai kyauta ya sa ta, kowa ya ɗauka, haka suke yi a sana'arsu. Wai duk abin da ya iya, a kan aikin da wasu suka buɗe ya koya. Har yana nuna min da fara'a cewa wata mata a Kano ta gano masa kuskure ta gyara, wani a Senegal ya ƙara irin rigarsu, kuma wannan aikin ne kamfanin da yake ciki yanzu suka gani suka ɗauke shi. Na ce ya cire ta. Ya ce ko ya goge tasa, mutane da yawa sun riga sun kwafa.

Malam, wace irin sana'a ce wannan? Ba su da maigida. Mai kamfani ma da sunansa suke kiransa gatsal. Shekara biyu su bar aiki su koma wani. Ranar Asabar su taru su koya wa duk wanda ya shigo abin da suke ci da shi, a nuna wa mutum kuskurensa a gaban duniya ya ce ya gode. Ni da aka mare ni kan maɓalli ɗaya!

A nan take na rantse da Allah ba zan ƙara taka gidansa ba sai abin nan ya fita daga wayoyin mutane. Wata huɗu ke nan. Uwarsa Lamisi ta ɗaure kayanta za ta je zaman jego, ta ce in na ga dama in zauna da almakashina. Imurana kuma ya aiko cewa ba wanda zai gaya wa liman sunan jaririn sai ni. Na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe shago in rufe, in fita bakin titi in dawo. Sau biyu ina shiga motar Madina ina sauka a hanya. Shekaranjiya na ɓata shaddar mutum, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Yankan wuya kaɗai ya rage ban nuna wa Imurana ba, shi ma na ji wai mutanensa na tambaya. Ni dai ban ga laifina ba. Yaya zan yi da sunan nan?

Tsohon Tela, Nima

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya huci zuciyarka.

Imurana ya yi maka laifi. Abin da aka ja labule aka nuna masa amana ce, kuma ko a cikin masu rubuta manhaja ba a sakin aikin wani sai da izininsa. Ya san wannan ƙa'ida sarai. Ya ji tsoron za ka hana, shi ya sa bai tambaya ba. Kana da haƙƙin ya zo ya ba ka haƙuri, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara komai naka a ciki ba sai ka yarda.

Amma ban ga raini a abin da ya yi ba. A sana'arsu, aikin da mutum ya fi alfahari da shi yake buɗewa, da shi ake gane ƙwarewarsa, kamar yadda rigarka a jikin ango take kawo maka wani angon. Da zai nuna wa duniya ya iya, bai ɗauko komai ba sai yankan ubansa, ya kuma rubuta sunanka a kai. Ya ɓata hanya, amma girmama ka ya so yi. Maganar ba za ta ciru ba kuwa gaskiya ya faɗa maka. Ka ɗaura rantsuwarka a kan abin da ba ya hannunsa, in ka jira cikarta jikanka zai yi gemu ba ka gan shi ba.

Ina jin dariyar Abdulƙarim ta fi manhajar yi maka ciwo. Waya ta ba shi zane, ba ta ba shi shekara arba'in da shida na riƙon almakashi ba. Kada ka hukunta ɗanka da jikanka saboda shi. Yankan wuya kuma naka ne. Ka riƙe, ko ka zaɓi wanda za ka koya wa da hannunka, ba mai tilasta maka.

Yanzu ga abin yi. Ka aika Imurana ya same ka a shago a makon nan, mahaifiyarsa na zaune, ka faɗa masa abin da ya ƙona maka rai, ka bar shi ya ba ka haƙuri. Sannan ka je wurin limaminku kan rantsuwar. Wanda ya rantse kuma ya ga abin da ya fi alheri, addini ya ba shi damar ya aikata alherin ya yi kaffara, ko ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Kai tela ne, Baba. Tufatar da mutum goma ba zai gagare ka ba kafin ranar suna. In ka shiga motar Madina wannan karon, kada ka sauka sai tasha.

Allah ya sauki matar Imurana lafiya, ya raya abin da za a haifa, ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido.