Habibu Ya Hau Dutse

Zuwa ga Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal da wannan tsadar? Mu nan Durun lafiya lau, Inna ma jiki ya yi sauƙi.

Albishirinka, ɗanka Habibu ya hau dutsen bayan gonarmu! Tunda aka rufe gidan kallo da zuwan Shari'a, can samari suke nufa da hantsi. Ranar Asabar ya ce sai ya bi su, da ƙafar nan tasa ta shan inna. Hankalina ya tashi, na bi bayansa. Ka san babu hanya, sai sarƙaƙiya da ƙaya. Ya faɗi, gwiwa ta fashe. Na durƙusa zan goya shi, sai ya ce, "Baffa, in ka ɗauke ni, ai kai ka hau." Da sanda da rarrafe ya kai ƙololuwa. Yana haki ya tambaye ni ina ne kudu. Da na nuna masa, ya ɗaga murya, "Baba, na iso!" Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Ka ƙara sa shi a addu'a. Inna da maman Habibu suna gaishe ka. Ka gaida mutanenmu na can.

Ƙaninka,
Isyaku