Ba Ɗibar Ruwa Ta Kai Mu Rijiya Ba

Zuwa ga mai girma Insifektan da ya zo duba kolejinmu wata ranar Talata, ya koma bai sauko daga mota ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci sunan garinmu ba, don ba tozarta ka na zo yi ba. Kai ka san kanka, ni ma ka san ni, ko da yake a takarda kaɗai ka san ni.

Ni ce malamar lissafi ta ƴan turwaziyam, ajin da zai zauna jarrabawar birebe bana, a wata ƙaramar koleji ta karkara tsakanin Agiye da Gazawa. Shekarata shida ina koyarwa da kwantiragi. Ni ce ka rubuta a rahotonka cewa na bar aji lokacin aiki, na kwashi ɗiyan mutane na kai su rijiya suna ja min ruwa. Sau biyu na hau mota na zo buro neman ganinka, sau biyu ana ce min kana taro. To, tunda ba a ba ni kujera na yi magana a ɗaki ba, zan yi ta a tsaye a bainar jama'a, kowa ya ji.

Na ɗaya: abin da ya fitar da mu daga aji.

Darasin da muke kai shi ne zana miƙaƙƙen layi daga lissafi. Ka san shi: layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, a sa ɗigo inda lambobi biyu suka haɗu, a haɗa ɗigogin, a karanta abin da layin ke faɗa. Mako biyu ina fama. Ajinmu na zana ne, tabulonmu, wato allon aji, bai kai faɗin tabarmar salla ba, takarda mai gida-gida kuwa sai dai mu ji labarinta. Amma duk wannan ba shi ne ciwon ba, mun saba. Ciwon shi ne yaran nan sun ɗauki layin a matsayin hoto. In layi ya yi sama, su ce mota ce ke hawan tudu. In ya yi ƙasa, su ce abu ne ya faɗo. Na yi bayani da Faransanci, na yi da Hausa, na yi har muryata ta dushe. Su gyaɗa kai, in ba da aiki, su dawo min da tudu da gangara.

Wata safiya ina wucewa ta babbar rijiyar gari na tsaya kallon Buba, wani dattijon Bafillace da ke shayar da shanunsa a nan. Takarkari ne ke ja masa. Igiya na bin ƙarfen nan mai juyawa a bakin rijiya, sa na tafiya gaba, wasaki na hawowa. Duk tsawon gaba ɗaya da igiya ta ƙaru a waje, gaba ɗaya ta ragu a ciki. Wallahi tsayuwa na yi kamar an dasa ni. Ga abin da na yi mako biyu ina nema, Buba yana yin sa kullum ba alli ba tabulo.

Na je na gaya wa Darakta, ya ce Allah ya ba da sa'a. Na roƙi Buba, ya yi dariya ya ce in dai yaran ba za su firgita masa sa ba, bismilla. Lokacin kuwa ba ni na zaɓa ba. Rijiyar nan tana da tsarinta tun kafin a haife ni: hantsi na makiyaya ne, in rana ta ɗaga su kauce mata su ɗiba. Wanda ke son ganin takarkari na ja, dole ya zo da hantsi. Awar lissafina ta Talata ita ce ta faɗa daidai nan.

Na biyu: abin da muka yi a can.

Zurfin rijiyar gaba ashirin da huɗu ne. Buba ya faɗa, muka ɗaura ƙyalle a kowace gaba ta igiya, muka ƙirga, haka ne. Na ja wa yara iyaka a ƙasa nesa da baki, na ce duk wanda ya tsallake ya koma aji shi kaɗai, don na san bakin rijiya ba wurin wasa ba ne. Muka share rairayi, muka shimfiɗa kara biyu, ɗaya kwance ɗaya tsaye. Na kwance shi ne gabar da sa ya tafi. Na tsaye shi ne gabar da ta rage wa wasaki ya iso baki. Ƙwallon aduwa su ne ɗigoginmu.

Sa bai motsa ba, saura ashirin da huɗu, aka aje ƙwallo. Ya tafi shida, Buba ya tsayar da shi, saura sha takwas, aka aje. Ya tafi sha biyu, saura sha biyu. Da aka ɗora igiya siririya kan ƙwallayen sai ga layi miƙe sar, yana gangarowa ƙasa. Sai aji ya kaure: Madam an yi kuskure, ruwa na hawowa, layi na sauka!

Akwai wata yarinya Rakiya, wadda tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Ita ce ta durƙusa ta dubi karan nan, ta ce ba kuskure, ai ba wasakin muka zana ba, abin da ya rage masa muka zana, shi kuwa raguwa yake. Sannan ta sa yatsa inda layin zai taɓa karan kwance, ta ce nan ne ruwa ke isowa. Wani ya tambaya in aka zarce nan fa? Buba ya ce sansa ba ya zarce nan, shi da kansa yake tsayawa, don ya san igiya ta ƙare. Ranka ya daɗe, a ranar ne na rubuta y = 24 − x a ƙasa, yara suka karanta shi kamar sunan ƙauyensu. Kowa ya kwafe a kayensa, wato littafinsa na rubutu, muka koma aji kafin a buga ƙarfe. Na yi murna ranar, murnar da na daɗe ban yi ba a aikin nan.

Na uku: abin da kai ka gani.

Ka iso koleji ka tarar da ajin zana ba kowa. Aka nuna maka rijiya. Motarka ta zo ta tsaya can gindin gawo, na gan ta da idona, na ɗauka masu aikin rigakafi ne. Daga nan ka hangi yara kusa da igiya, ka hangi bidojin ɗibar ruwa jere, ka hangi mace tsaye da hannu a ƙugu. Bidojin nan na matan gari ne, sun aje su suna kama layi kafin makiyaya su gama, haka ake yi kullum. Ko cokali ɗaya na ruwan nan bai shiga gidana ba. Ni da ke da mai kura da ke kawo min ruwa har ƙofa!

Na san abin da ya sa ka yi zato, ba zan ɓoye ba. Akwai malaman da ke mai da ɗiyan mutane ƴan aike, a ɗebo ruwa, a yo itace, a kai hatsi niƙa. Ka sha gani, ranka ya ɓaci, ka ga irin hoton ka ce shi ne. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba. Tsakanin gawon nan da inda muke bai kai taku ɗari ba. Haba, Ranka ya daɗe! Ka yi tafiyar awa biyu a mota, taku ɗari ya gagare ka? Da ka sauko da ka taka zanenmu da takalminka. Da ka ɗauki kaye ɗaya ka buɗe da magana ta mutu a nan.

Darakta kuwa, da takarda ta zo daga sama, sai ya ce shi bai tuna mun yi maganar ba. Ban rubuta neman izni a takarda ba, wannan kuskurena ne, na yarda, kuma na koyi darasi. Shi da Allah.

Na huɗu: abin da rahotonka ya jawo.

Ku a buro takarda takarda ce, a sa ta a kwali a rufe. A ƙauye takarda ƙafa gare ta. Kafin ranar kasuwa kowa ya ji cewa babban mutum ya zo daga birni ya kama Madam tana sa yara jan ruwa. Yara sun yi ta rantsuwa a gida cewa karatu aka yi, wa zai saurare su? An ce tsorona suke ji.

Ran Asabar mahaifin Rakiya, Malam Idi, ya yi sallama ƙofar gidana. Mutumin nan matarsa ba ta da lafiyar ƙafa. Rakiya ce babba, ita ya kamata ta riƙa ɗebo wa gida ruwa. Shi da furfurarsa yake ɗaura bidoji a jaki kowace safiya, maza na yi masa ba'a, don kawai ɗiyarsa ta zauna lakol ta yi karatu. Bai ɗaga min murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi: Malama, in jan ruwa za ta yi, ta ja wa uwarta. Na kawo kayenta na nuna masa, ya juya shi ya ce shi bai iya karatun boko ba, amma ya san babba ba zai taso daga birni ya rubuta ƙarya ba. Ya ce ranar da wanda ya rubuta ya ce ba haka ba ne, ranar za ta koma.

Yau kwana goma sha ɗaya bencin Rakiya ba kowa. Jiya na gamu da ita a hanya da bido a ka, ta sunkuyar da kai ta ratse cikin gona don kada mu haɗa ido. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na biyar: takardar da aka ce in sa wa hannu.

An kawo min ita a rubuce tsaf. Wai na amsa laifina, na nemi afuwa, ba zan sake ba. An ce in na sa hannu gargaɗi ne kawai, in ci gaba da aikina. In na ƙi, a cire ni daga ajin, kwantiragina kuma sai abin da Allah ya yi. Abokan aiki sun yi ta ba ni baki. Yayata ta kira ni daga Cadakori tana faɗa, wai in sa hannu in huta, ina da yara biyu, wa ya taɓa ja da na sama ya ci riba?

Ba taurin kai ba ne, ina son aikin nan, kuma ba ni da wani. Amma ni da kaina na yi shekara biyu a firamare ina ɗebo wa matar mushe, wato malaminmu, ruwa, ƴan ajinmu na ciki suna koyon lissafin rabawa, ni ina hanya da tulu. Sai da na girma na koya wa kaina abin da na rasa. Ranar da na fara riƙe alli na yi alkawari ɗan wani ba zai ɗaukar min ko buta ba, kuma ban taɓa saɓawa ba. Yanzu a ce in rubuta da hannuna cewa ni ce matar mushen? Sannan in na sa hannu, me zan ce wa Malam Idi? Ai na tabbatar masa ke nan, Rakiya ta zauna gida har abada, wasu iyayen su bi sahu.

Na mayar wa Darakta takardar yadda ta zo. Ko sau goma aka kawo ta, haka za ta koma.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce. Ka dawo garinmu. Ka karɓi kayen yaran nan ka duba shafin ranar. Ka tsayar da duk wanda ka ga dama a gaban tabulo, ka ba shi lissafin da ka zaɓa da kanka ya zana maka, ni ina waje. Ka tambayi Buba, kullum yana rijiya da hantsi. In ka samu na yi abin da ka rubuta, kada ka tsaya gargaɗi, ka kore ni, na cancanta. In ka samu ba haka ba ne, ka janye rahoton a rubuce kamar yadda ka shigar da shi a rubuce.

In kuma girma ya hana a janye, in dole sai an cire wani don kada a ce babba ya yi kuskure, to a cire ni. Zan ɗaure kayana, ba zan roƙi kowa ba. Amma kafin nan ka tsaya ƙofar gidan Malam Idi, ka yi sallama, ka gaya masa da bakinka cewa karatu ɗiyarsa ta je yi. Maganata ba ta isa ba, na gwada. Taka kaɗai yake jira, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin wanda ba shi da bakin kare kansa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar gyara abin da hannunka ya rubuta tun yarinyar nan ba ta saba da zaman gida ba.

Wassalam.

Malama Hadiza,
mai koyar da lissafi.