Rawar da Juwairiyya ke Koyo a Gusau

Bungudu, Maris 1998

Zuwa ga ɗiyata Juwairiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da jikata Nusaiba. Ki yi haƙuri da karkatar rubutun. Da hannuna na yi shi, don wannan magana ba ta shiga kunnen wani ba ce.

Luba mai daddawa ta dawo daga kasuwar Gusau. Ta ce duk Laraba kina shiga wani gida inda ake kiɗa, mata na rawa ba takalmi, kowace ita kaɗai, ba biki ba suna. Ɗiyata, a sanina mace ba ta irin wannan rawa sai in iska ta hau ta. Maganar ta kai Tsafe. Alhaji Mu'azu, wan marigayi mijinki Hamidu, ya aiko cewa in bori kika shiga zai ɗauke Nusaiba, ɗiyar ƙaninsa ba za ta tashi a hannun 'yar bori ba.

Ga rubutun sha na ba Bala direba. Ki sha, ki faɗa mini gaskiya.

Mahaifiyarki, Delu

Gusau, Afrilu 1998

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na sha rubutun, na gode.

Ba bori ba ne. Gidan Sista Asabe ne, ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a ƙasar Kuba. Can ta koyo rawar, sunanta salsa. Kiɗan daga kaset yake, kuma namiji ba ya shiga. Masu zuwa malaman makaranta ne da ma'aikata irina.

Kin san yadda na fita takaba. Daga ofis sai gado, Nusaiba na magana ina kallon bango. Asibiti na je neman maganin barci, Sista Asabe ta ce in zo Laraba tukuna. A can dole hankalina ya tsaya kan ƙafata, in na tuna Hamidu sai in ɓata taku. Yanzu ina cin abinci.

Ba zan yarda in rasa Nusaiba ba. In kin ce in bari, zan bari. Amma ina tsoron macen da zan koma.

Ɗiyarki, Juwairiyya

Bungudu, Mayu 1998

Juwairiyya,

Na iso gida lafiya. Na san kin ji kunya da kika juyo kika gan ni zaune a bakin ƙofar gidan Sista Asabe ban sanar ba. Shi ya sa na bar maganar sai a wasiƙa.

Na zo da addu'a a bakina ina jiran wata ta faɗi. Sai na ga matar nan ta kashe kaset ta ce miki, “Juwairiyya, hagu na ce. Hagun Bungudu daban take?” Kika tsaya, kika gyara, kika yi dariya har kina riƙe ciki. Na ga masu bori tun ina yarinya. Ban taɓa ganin an tsayar da ɗayarsu an gyara mata ƙafa ta kuma ji ba.

Da Sista Asabe ta ce, “Inna, taso ki gwada,” na ce gwiwar nan surfe ya cinye ta tun kafin a haife ta.

Kaɗa ƙugun nan dai bai kwanta mini ba, ba zan ɓoye miki ba. Ki riƙa ɗaura gyale a kai. Amma tun rasuwar Hamidu ban ji muryarki haka ba. Kada ki bari. Maganar Tsafe ki bar mini.

Innarki

Bungudu, Mayu 1998

Zuwa ga Alhaji Mu'azu, Tsafe,

Bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. Allah ya jiƙan Hamidu.

Na je Gusau na gani da idona. Ba bori ba ne, motsa jiki ne na mata a cikin gida, kuma da izinina take zuwa. Nusaiba ta yi ƙiba, ta kai Sabbi a allo. Tana wurin uwarta, can za ta zauna. In akwai sauran magana, ni za ka samu, ba Juwairiyya ba. Ban da ranar kasuwa, kullum ina gida.

Allah ya bar zumunci.

Delu